Ni Ke Sanar da Rasuwar Kowa, ta Innata Ba Wanda Ya Sanar

Assalamu alaikum Hajiya Hamida. Don Allah ki taimaka mani da shawara. Yau kwana talatin da biyu ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, kuma ban sami wanda zan sauke wa ba. Ina roƙon kada ki buga sunana.

Ni mutumin 'Yargoje ne ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Shekara goma sha shida ina aiki a sashen hulɗa da jama'a na wata jami'a. Iyalina suna gida, ni kaɗai nake zaune a ɗakin haya. Lokacin da aka ɗauke ni, sashen nan tebur ɗaya ne a lungun ofishin shugaban jami'a, sai tafireta, sai wani dattijo, Malam Audi, Allah ya jiƙansa. Aikinsa a takarda shi ne tarbar 'yan jarida da fitar da sanarwa. Amma shi ya kafa al'adar da aka fi saninmu da ita: duk ma'aikacin da aka yi wa rasuwa, masinja ne ko farfesa, sashenmu zai rubuta sanarwa, ya liƙa a allo, ya nemi bas, ya kai tawagar ta'aziyya. Yakan gaya mani cewa ba wanda ke tuna jawabin shugaba, amma mutum ba ya manta wanda ya zauna mashi a tabarma.

Yanzu mu tara ne. Akwai masu kyamara, akwai masu kula da shafin intanet, har shirin rediyo muke yi. Amma ta'aziyya ni Malam Audi ya bar wa, kuma ba wanda ya taɓa ƙwace mani, don ba aiki ne da ake rububi ba. Na kai tawaga garuruwan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Na san wanda za a tura gaba ya yi addu'a, na san lokacin da ya kamata a tashi kafin a ɗora wa masu gida nauyin abinci.

Bara, da hanyoyi suka ƙara lalacewa saboda rashin tsaro, hukuma ta hana motar jami'a bin hanyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ni aka ba rubuta takardar. Da hannuna na rubuta sunan ƙaramar hukumarmu, na gyara waƙafi, na liƙa.

Watan jiya Innata ta rasu. Da safe aka bugo mani, na kira shugabar sashenmu na gaya mata, ta yi mani gaisuwa, na kama hanya. Hajiya, wallahi na san da waccan takarda, amma zuciyata ta ƙi yarda. Na ce ai nawa daban ne, ko a motar haya wani zai zo. Ƙanen mahaifina, Baba Mani, wanda kullum yake gaya wa mutane cewa ɗansu ne bakin jami'a, ya sa aka shimfiɗa sabbin tabarmi biyu a gindin darbejiya, ya hana kowa zama, wai na baƙin Malam ne, wato ni. Kwana uku ina zaune, duk motar da ta tsaya sai na ɗaga kai. Abokan yayana masu sayar da hatsi sun zo daga Mairuwa, bakwai a mota ɗaya, ta wannan hanyar da ake tsoro. Ran na uku da la'asar Baba Mani ya naɗe tabarmin da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni a hankali ko ina zaman lafiya da mutane a wurin aiki.

Da na dawo na duba allo, ba sanarwa. Ashe ba wanda ya rubuta. Mutum biyu kawai suka gaishe ni. Wani malami da na kai wa tawaga har sau biyu ya tare ni a baranda yana dariya, wai an sha hutu, har na yi ƙiba. Na yi dariya ni ma. Ina jin kunya in tsaya ina shelar rashina kamar mai roƙon a tausaya mani.

Yanzu kuma an ce in rubuta tarihin sashen don ɗan littafin cikarsa shekara ashirin. Kullum ina buɗe tsofaffin fayil, ina ganin iyayen mutane da na rubuta wa addu'a. Ina shiga ofis, in gaisa, in rufe ƙofa. Na daina zuwa cin abinci da su. Na riga na rubuta takardar neman a mayar da ni sashen adana takardu, inda ba ruwana da kowa, tana cikin aljihun teburina. In miƙa? Kuma me zan gaya wa Baba Mani?

Ɗan 'Yargoje

*

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana.

Kada ka miƙa takardar nan. Bar ta inda take har wata uku, domin wanda ke cikin makoki ba ya yanke wa kansa hukunci mai kyau.

Kana da gaskiya a ɓacin ranka. Shugabarku ta ji rasuwar da kunnenta, ya kamata a ranar ta sa wani ya rubuta. Wannan sakaci ne, kuma ba zan nema mata uzuri ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Shekara da shekaru duk jami'ar ta saba ba ta jin rasuwa sai daga bakinka. Ranar da bakin ya tafi jana'iza, sai kowa ya zauna yana jiran sanarwar da ba mai rubutawa. Malamin da ya ce ka yi ƙiba bai sani ba, kuma in ya ji, sai ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Kana fushi da mutanen da yawancinsu ba su ma san an yi ba.

Batun hanya kuwa, ka faɗa wa kanka gaskiya. 'Yan hatsin Mairuwa sun san ranar da ake bi da lokacin da ake tsayawa, abokan aikinka ba su sani ba. Da wani ya taso dominka wani abu ya same shi, da yanzu wasiƙar da ka rubuto mani ta fi wannan nauyi.

Ga abin yi. Ka shiga wurin shugabarku, ka zauna, ka gaya mata abin da ka gaya mani, har da tambayar Baba. Ka ce wani ya rubuta sanarwar, ba kai ba, a sa rana da wuri a nan garin da kake aiki. Ba roƙo ba ne. Wanda bai ji rasuwa ba yana da damar yin gaisuwa duk ranar da ya ji, kai ne ka tsare masu ƙofa da kunyarka. Ka kuma ba ta lambar Baba Mani, ita da manyanku su kira shi su yi mashi ta'aziyya da sunan jami'a. Amsar da yake nema ke nan, kuma ba daga bakinka za ta gamsar da shi ba.

A tarihin da kake rubutawa, ka yaba wa Malam Audi yadda ya cancanta, sannan ka faɗi gibin da ke cikin abin da ya kafa: an jingina shi a kan mutum ɗaya. Ka nemi a sa na biyu. Kuma ka koma cin abinci da mutane tun gobe.

Kafin su zo, karɓi tawa. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Ta haifi ɗan da ya share wa mutane da yawa hawaye, Allah ya kai mata ladan. Kai kuma Allah ya ba ka dangana.

Hajiya Hamida