Na Ce Ciki, Hajiya Ta Ji Mahaifa

Anti Ni'ima, don girman Allah ki agaza mini da shawara. Kaina ya kulle, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni mai masa ce a Ƙofar Ran, shekarata talatin da bakwai, 'yata ɗaya, kuma tun daga kanta ko ɓatan wata ban sake yi ba. Ƙiba ce ta sa ni gaba. Ba irin wadda ake cewa mace ta samu hutu ba, irin wadda mai keke zai hango ki ya ƙara wuta. Gwiwoyina sun gaji da ni, ga suga ga hawan jini. Salla ma a kan kujera nake yi, kuma wallahi wannan ya fi komai ci mini rai. Shayin rage ƙiba, lemon tsami da ruwan ɗumi, babu abin da ban ɗura wa cikina ba. In kaɗan ya sauka, sai ya dawo da 'yan rakiya.

Likitana ya ce akwai aikin da ake yi a Abuja, a sa wani zobe a ɗaure saman tumbi, mutum ya ci kaɗan ya ƙoshi. Ya ce in jikin ya sauka ba mamaki haihuwar ma ta dawo. Maigidana Abdulsalam ya amince, amma ya ce in je in gaya wa mahaifiyarsa da bakina. Na je na durƙusa iya yadda gwiwa ta bari, na ce mata za a ɗaure mini ciki. Ashe ruwa na ɓallo. Ita ɗaurin mahaifa ta ji. Ta ce da 'ya ɗaya tal zan rufe wa ɗanta gida, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Kafin la'asar zance ya kai Shadawanka wurin ƙanwarsa Ikilima, ita kuma ta buga wa dangi kaf. Na yi bayani har bakina ya bushe, Hajiya ta ce ai ciki ciki ne, likitocin yanzu ba abin da ba sa canja wa suna. Ta ce in na shiga motar Abuja, ba da yawunta ba. Shi kuwa gogan ya koma kurma, ya ci tuwo ya fice.

Wani sa'in in ce bari in tafi a ɓoye, in ce biki za ni. Wani sa'in tsoron aikin kansa ya kama ni, kada in kwanta in kasa tashi. Anti, yaya zan yi?

Mai Masa, Ƙofar Ran, Bauchi

AMSA

Sannu 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Daga yau ki cire kalmar ciki daga wannan zance, ki riƙa cewa tumbi, inda tuwo ke sauka. Hajiya ba mugunta take yi ba, jika take nema, abin da ke ma kike so ke nan. Kalma ɗaya ce ta raba ku.

Maganar tafiya a ɓoye ki binne ta. Makonni za ki yi a kan kunu da romo, bayan nan loma kaɗan ce rabonki. In kika fara zubewa babu bayani, kin san cutar da mutanenmu za su ce kin ɗauko.

Ki kuma sani zoben nan ba sihiri ba ne. Sai an riƙa komawa ana matse shi ko a sassauta. Wasu na fama da amai, zoben yakan zame, wani lokaci sai an cire shi, shi ya sa likitoci da yawa yanzu sun fi karkata ga wasu irin ayyukan. Ki tambayi naki me ya sa ya zaɓa miki wannan, wa zai riƙa duba ki a Bauchi, kuma yaushe za ki iya ɗaukar ciki, don yawanci sai an jira shekara ko fiye. Ga shi a gaban tanda kike wuni, zobe kuwa tumbi yake ɗaurewa, ba hannu ba. Duk da haka ban ce ki fasa ba, don suga da hawan jini ba za su jira Hajiya ta huce ba.

Abdulsalam ya daina kurumta. Shi ya tura ki, kuma mahaifiyarsa ce. Ya ɗauke ta ya kai ta gaban likita, a zana mata tumbi a zana mata mahaifa, ta yi tambaya son ranta. Sai dai kada kowa ya yi mata alkawarin jika, wannan na Allah ne. In bayan haka ta ƙi, ke da mijinki ku yanke shawara, ku sanar da ita cikin ladabi. In tafiyar ta kama, ki fita ta ƙofar gida da rana tsaka, mijinki na riƙe da jakarki. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya.

Anti Ni'ima