Daɓen Hawa na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Mujallar wasannin kwamfuta ta fito. Manaja ya ajiye min ita a kan tebur, ya wuce. Shekara biyu muna gina wasan nan, mu huɗu a ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, mai sharhi ya gama da mu a rabin shafi. Ya yabi dodannin, ya yarda cewa abin sabo ne: ba ka ganin kanka a allon kwamfuta, idonka ne ke tafiya cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa mai hawa-hawa, bango dama, bango hagu, duhu a gaba. Sai ya ce hawa na uku "a lalace yake, a gyara kafin a sayar wa mutane."

A lalace. Ni na zana hawan nan da hannuna. Akwai daɓe a tsakiyar mararraba, in ka taka sai ya juya ka shiru, ka fuskanci wata hanya ba ka sani ba. Da gangan na sa shi. Shi ne abin da na fi so a duk wasan.

Laraba, 5 ga Maris

Na sake karantawa a mota, na ƙara cika na batse. Mutumin nan bai wuce hawa na uku ba, rantsuwa zan iya yi. Hawa bakwai ne a ƙasa bai leƙa ba, amma ya iya yanke hukunci. Kowa ya san ana wasan nan da fensir da takarda mai gida-gida, kana tafiya kana zana taswira. In taswirarka ta ƙi haɗuwa, sai ka tsaya ka yi tunani. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Alhamis, 6 ga Maris

Manaja ya kira ni. Za a sake buga faya-fayan wasan ƙarshen wata, yana so a cire daɓen. Na ce, "Yallaɓai, ranar da aka cire shi, a cire ni tare." Ya ce in je in huce. Dogo, mai rubuta mana umarnin kwamfuta, ya sunkuyar da kai yana wasa da waya kamar ba ya ɗakin. Shi da ya yi ta tafa min ranar da na kawo dabarar.

Juma'a, 7 ga Maris

Wata mujallar ma. Magana ɗaya, sai dai wannan ta fi ladabi. Sun haɗa baki ne kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Na roƙi Yaya ya biyo ni ofis gobe ya gwada wasan. Direban tasi ne shekara da shekaru, kullum yana cika baki cewa a jefa shi kowane gari ido rufe zai fito. Shi zai zame min shaida. In Yaya ya wuce, in ga bakin da Manaja zai yi magana da shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Hawa na ɗaya da na biyu ya wuce su yana dariya, yana ce wa dodanni su ba shi hanya yana da fasinja. Taswirarsa ta fi tawa tsabta. Da ya taka daɓen na zuba masa ido. Ya zana layi, ya goge. Ya koma baya, ya sake takawa, ya sake gogewa har takardar ta huje. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana duban allon, yana duban takardar.

Ni ina jiran ya ce ƙasar ce ke juyawa. Sai ya ajiye fensirin a hankali ya ce, "Auta, kaina ne ba ya ja. Wannan na masu karatu ne."

Na faɗa masa sirrin da sauri. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To da me zan gane? Ko titi in an karkatar da shi ana sa alama." Ya ɗauki makullinsa. A hanya ya kunna rediyo har gida.

Litinin, 10 ga Maris

Na tambayi Dogo su wa suka gwada hawa na uku kafin mu fitar. Ya ƙirga da yatsu: ni, shi, mai zanen dodanni, Manaja. Duk muna ɗakin ranar da aka sa daɓen.

Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Daɓen yana nan, ban cire ba, kuma ba zan cire ba. Na dai sa Dogo ya ƙara ƙarar dutse yana gurzar dutse in an taka, hasken allon kuma ya ɗan girgiza. Ƙaramin abu ne, da ma ya daɗe a raina. Manaja ya yi murmushi ya ce, "Ashe mai sharhi yana da gaskiya." Na ce a lalace ya ce, kuma ba a lalace yake ba, kada a sake kawo min zancensa.

Na bi ta tasha da yamma na ce wa Yaya ya zo Lahadi ya sake gwadawa. Yana goge gilashin mota, bai juyo ba. Ya ce, "Ki bar ni da sitiyarina, Auta."

Zan je ofis Lahadin duk da haka. Na sayi sabuwar takarda, mai kauri.