Bishiyoyin da Ka Sa Aka Sare

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta ɗan saki, Kawu kuma ya gyara rufinsa kafin ruwa ya kankama. Iyakar labarin daɗin ke nan. Sauran kuwa ka gyara zama, don raina a ɓace yake.

Auta, wa ya aike ka? Shekara goma sha ɗaya rabonka da damina a nan. Sai dai ka zo da rani, ka ɗauki hoton duwatsu da hazo kwance cikin kwari, ka koma kana cika wa abokanka baki wai babu wuri mai kyan namu. Ban musa ba. 'Yar jihar nan tamu ga sanyi, ga ta kore shar, duk inda ka juya tudu ne da ƙorama. Amma kai da aka haifa a gefen dutse har ka manta wata bakwai ruwa yake yi yana zuba mana? Kana can inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, ka ɗaga waya ka sa mai zarto ya sare bishiyoyin da ke saman gida, wai suna hana ɗakin baƙin da kake ginawa hango ruwan da ke faɗowa daga dutse. Na tare shi, ya ce umarnin mai gida ne. Mai gida! Ashe ni da nake share gidan kullum baƙuwa ce.

Baba bai dasa su don ado ba, saiwarsu ce ke riƙe da gangaren. Ranar Talata da hantsi ruwa ya kece, ƙasar ta zame, jar laka ta gangaro ta rushe bangon bayan ɗakin Inna. Allah ya sa tana madafa tare da ni. Idon ruwan da muke sha ma lakar ta binne shi, sai na gangara kwari da bokiti, da wannan bayan nawa.

Saura bishiya tara. Mai zarto ya shafa musu jan fenti, ya ce Asabar zai dawo, kuma maganarka kaɗai zai ji. Inna ta ƙi barin ɗakinta, ta ce a ciki ta haife mu. Ka kira mai zarton yau, Auta. In ba haka ba zai tarar da ni zaune a gindin ta farko, sai ya fara da ni.

Ka gaishe da matarka da takwarar Inna da 'yan biyu. Kawu yana gaishe ka, a daƙile dai. Inna kuwa, kamar kullum, ta ce kada in yi maka faɗa. Ta ce in shaida maka aikinka ya yi kyau, yanzu daga kan gadonta tana hango ruwan dutsen nan sarai, tunda babu bango.

Yayarka mai jiran wayarka.