Sunan Wanda Ke Haguna

Stavanger, Norway

Zuwa ga ɗan'uwana Thaddeus,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da Loretta da jikoki. Yaya ƙafar Koci Burkhalter?

Na ji ka ɗauki nauyin tara mu, shekara talatin da cin kofin jami'o'i na ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano. Allah ya saka. Zan zo. Nan lafiya lau, sai sanyi.

Alfarma ɗaya nake nema. Ka san al'adar: a hutun rabin lokacin wasan ranar taron za mu jeru a fili yadda muka saba, kowa ya kira sunan wanda ke hagunsa. Makon jiya na zauna in tuna nawa. Ina ganin fuskarsa, har karyayyen haƙorinsa, amma sunan ya ƙi zuwa. Likita ya ɗauki hoton kaina, ya tambayi yawan karon da kaina ya sha a filin wasa. Sai na tuna ihun Koci: "Kai Leland, wannan ƙaton kan naka ya fi hular kwano tauri!" Matata ba ta san da wannan mantuwar ba tukuna.

Kada ka aiko mini da sunan, ina tsoron ya sake ɓacewa kafin ranar. Kai ne a damana. Idan ka ji na yi shiru, ka raɗa mini.

Naka,
Leland