Na Ce Kakata 'Yar Aiki Ce a Gaban Mutum Dubu Huɗu

Hajja Aliya, don girman Allah ki taimake ni, na tafka abin kunya, kuma babu wanda zan kai wa kuka a unguwarmu bai fara tuntsurewa da dariya ba. Sunayen da za ki gani a nan duk na canza su, ko da yake na san rabin mutanen unguwar tamu, Hajj Yusuf ta Khartoum, za su gane ni kafin su kai layi na biyar.

A gida ni ce Zuhura, shekarata ashirin da huɗu. A waya kuwa ni ce Malak, mai koya wa mata kwalliya da ɗaura tob, wato lafayar da muke naɗawa a nan. Shekara uku ina wannan sana'a. Na fara da zanen lalle a hannun amare, ina ɗauka da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, yau ga ni da mabiya sun haura dubu ɗari da tamanin. Wani mai shagon tob a Kasuwar Libiya da ke Omdurman, Sharafaddeen, shi ke ba ni sababbin yayi ina tallata masa. Duk Asabar sai na hau mota uku na haye gada zuwa Omdurman, na dawo da ƙunshin kaya a ka kamar mai talla, sannan na zo na ɗaura su ina yauƙi kamar wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Malak ba ta jin Hausa. Malak Larabci kawai take yi, irin na 'yan matan unguwannin masu hali, ana jan harafi ana lumshe ido. Ban taɓa buɗe baki na ce ni 'yar gidan wane ce ba, amma na bar mutane suna zaton haka, kuma ina jin daɗin zaton. Bango ɗaya tak na yi wa fenti a ɗakinmu, na rataya labule mai ruwan zuma, na ajiye furen roba. Da za a karkata wayar taku ɗaya, da an ga buhun dawa da keken ɗinkin da ya mutu tun ina firamare. Ina kuma sa filta, abin nan da ke gyara fuska a hoto, ya ƙara mini haske ya tsuke mini hanci. Ke dai Hajja, Malak ko ni kaina in na gan ta sai na ji ina son na gaishe ta da ladabi.

Kada ki ce lalacewa ce kawai. A makarantar sakandare wata rana na yi suɓutar baki na ce "wayyo" da ƙofa ta datse mini yatsa, shi ke nan har na gama makarantar sunana "mai rutana", wai mai yaren da ba Larabci ba. Tun daga ranar na koyi barin Hausata a bakin ƙofar gida tare da silifas.

Kakata Nagoggo ita ta raine ni, don mahaifiyata ta rasu ina da shekara shida, babana kuma direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar Bur Sudan take. Iyayen Nagoggo a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a yankin Jazira na nan Sudan, suka tsaya tsinkar auduga, har yau zuriyarsu ba ta ƙarasa ba. Da soyayyar gyaɗa da lallen biki ta ciyar da ni. Kuma duk abin da nake taƙama da shi a waya, daga kwaɓa dilkar gyaran jiki har yadda ake soke bakin tob kada ya zame a cikin raksha, keken hayarmu mai ƙafa uku, a hannunta na koya. Tsakanina da ita wasa ne kullum, irin na kaka da jika. Ta ce mini mai wuyan zalɓe, na ce mata tsohuwa mai haƙori uku.

Ranar Laraba ta makon jiya da la'asar ina shiri kai tsaye, ina sauri kafin a ɗauke wuta, mutum dubu huɗu da 'yan kai suna kallo. Na manta ban sa sakata ba. Sai ga Nagoggo ta banko ƙofa tana neman farantinta na tsintar gyaɗa, wanda na ɗauka na jera kayan kwalliya a kai. Ta tsaya a bayana, ta leƙo, ta ce da Hausa tiryan-tiryan, "Ke Zuhura, wa ya tsoma miki fuska a garin wainar kisra? Kuma wannan tsintsiyar da kika manna a ido, masallaci za ki share?" Hajja, ba wannan ne ya kashe ni ba. Filtar nan maras amana sai ta tashi daga fuskata ta koma kan tata. Nan take ga Nagoggo da jan leɓe da gashin ido zara-zara, fata sumul kamar amaryar jiya, ni kuma ga ni a gefe da ainihin hancin da Allah ya ba ni, ana kallo daga Khartoum har Riyad.

Sharhi ya dinga zubowa, wace ce wannan, wane yare take yi. Kaina ya ɗaure. Na yi wata 'yar dariya, na ce da Larabci wai su yi haƙuri, shaggala ce, tsohuwar da ke mana aikin gida. 'Yar aiki, Hajja. Na faɗa da bakina. Nagoggo kuwa Larabcinta ya fi nawa, a Jazira aka haife ta. Ta dube ni, ta juye kayan kwalliyata a kan gado a hankali, ta ɗauki farantinta, ta ce "hadir ya sitti", wato to uwar ɗakina, ta fita ta ja mini ƙofa.

Tun daga ranar ban sake jin Hausa daga bakinta ba. Da safe sai ta kawo mini shayi a tire, ta rusuna, ta tambayi ko Sitt Malak na da wani umarni. Ta daina cin abinci tare da ni, wai 'yar aiki ba ta sa hannu a kwanon uwar ɗakinta. Ranar Juma'a ta ci ado ta zo ta sanar da ni cewa yau ranar hutunta ce kamar sauran masu aiki, ta tafi gidan ƙawayenta, inda na tabbata an baje ni a faifai, don yanzu tsofaffin layinmu in na wuce sai su miƙe tsaye su sara mini. Na yi kuka, na riƙe ƙafarta, ta janye ta ce kada na ɓata hannuna. Ni da ta zage ni ko ta ɗauko muciya, wallahi da ya fi mini sauƙi.

A waya kuma wani ya yanko wurin ya watsa, an kalla fiye da sau miliyan. Mabiyana sun ƙaru da dubu arba'in, amma ba don ni ba. Na yi bidiyon ɗaurin tob na awa uku ina gumi, babu wanda ya ce uffan kan tob ɗin, kowa sai ina hajjar nan, a dawo mana da hajja. Hausawa kuma sun fito ta ko'ina, daga Sinnar, daga Gadarif, har daga Kano, suna fassara abin da ta ce, wasu na rubuta cewa 'yar aiki ba ta yi wa uwar ɗakinta irin wannan magana, wannan kaka ce. Ina gogewa suna ƙaruwa. Shi kuma Sharafaddeen ya kira ni yana murna, wai ga dabara, na riƙa fitowa da "shaggalar" tana tsokanata duk mako, zai ba ta tob nata na kanta, in kuwa ba haka ba akwai 'yan mata da yawa masu son kayansa. Babana kuma zai dawo nan da kwana goma, kuma ban san wa zai fara ba shi labari ba.

Hajja, na rufe shafin ne na huta, na koma zanen lalle? Ko na fito na faɗi gaskiya, waɗanda suka bi Malak su watse su bar ni da hancina? Ko na lallaɓa tsohuwar mu ci kasuwar tare, tunda dai an riga an yi? Kwana tara ke nan ba a ce mini mai wuyan zalɓe ba, kuma ban san haka zan yi kewar zagi ba.

Taki cikin damuwa,
Jikar Mai Faranti, Hajj Yusuf

*

'Yata Jikar Mai Faranti,

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har mayafina ya zame, sannan na sake karantawa ban yi dariya ba. Ki gaishe mini da Nagoggo. Wannan baiwar Allah da ta samu makaranta, da yanzu ita ke rubuta wannan filin, ni ina tsintar gyaɗa.

Bari na fara da abin da ke gefenki. Ba ke kika ƙirƙiro rainin da ya sa kika ɓoye harshenki ba. Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin shiru a mota don kada a ji lafazinmu, kuma wadda ba a taɓa yi wa dariya a aji ba ba za ta gane zafinsa ba. Sana'arki ma sana'a ce, babu abin kunya a cikinta. Yarinyar da ta tara mutum dubu ɗari da tamanin da bango ɗaya da furen roba ba sakarya ba ce. Sunan waya da labule duk ado ne na kasuwa, ban ga laifinsu ba.

Amma ado daban, sayar da kaka daban. Kuma ki lura, aikin gida ba abin kunya ba ne, matan kirki da yawa da shi suke riƙe da marayu. Abin da ya soki Nagoggo shi ne kin nemi kalmar da za ta nisanta ki da ita, kika same ta cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan wasan uwar ɗaki da take miki ba ƙiyayya ba ce. Wadda ta cire ki daga ranta ba za ta tashi da sassafe ta dafa miki shayi don kawai ta ƙona miki rai ba. Tana jira ne ta ga ko kin gane girman abin, ke kuma har yanzu kina haɗa maganarta da ta mabiya da ta mai shago a kwando ɗaya.

Saboda haka ki raba su. Ki ajiye wayar a ɗaki, ki wanke fuskarki tas, ki same ta inda take soya gyaɗa ki zauna a ƙasa. Ki yi mata magana da Hausa ko da ta amsa da Larabci. Kada ki ce suɓutar baki ce, kada ki ce kin ruɗe. Ki ce kin ji kunyarta a gaban baƙi, kuma yanzu kunyar kanki kike ji. Ki ba ta labarin abin da aka yi miki a makaranta, don ina zargin ba ta taɓa ji ba. In ta kore ki, gobe ki koma. Kuma ina gargaɗinki, kada shaiɗan ya raya miki ki ɗauki wannan zaman a bidiyo. Na san irinku, kuna iya kuka da ido ɗaya, ɗayan yana duba ko haske ya yi daidai.

Bayan nan, tunda a gaban jama'a kika ƙaryata ta, a gaban jama'a za ki gyara. Ki fito ke kaɗai, ba kiɗa ba hawaye, ki ce matar nan kakarki ce, ita ta raine ki, ita ta koya miki duk abin da kike koya musu, kuma kin yi ƙarya. Minti ɗaya ya isa. Wasu za su tafi, ba zan ɓoye miki ba, wasu ma za su zage ki a hanyar fita. Amma asirin ya riga ya tonu, goge sharhi kawai kike yi kamar mai tare Nilu da rariya. Gara a ji daga bakinki. Babanki ma haka, ki kira shi tun yana hanya, kada ki bari direbobi su nuna masa a tasha.

Shawarar Sharafaddeen kuwa ki mayar masa da abarsa. Ɗan kasuwa ne, ya ga inda ido ya taru, ba na zarginsa. Amma ki sa kakarki ta riƙa fitowa a matsayin 'yar aikinki duk mako, wannan maimaita laifin ne ana biyanki. In ya janye kayansa, Kasuwar Libiya ba shago ɗaya ba ce. Idan an shirya, watarana can, kina iya tambayar Nagoggo ko tana sha'awar fitowa, da sunanta da matsayinta, ta faɗi abin da ta ga dama. In ta ce a'a, magana ta ƙare. In ta ce e, to ki shirya zama mai riƙe mata waya, don na ga alama tsohuwar ta fi ki farin jini.

Kada ki rufe shafin. Gudu ne, kuma zai bar ƙaryar a tsaye a matsayin maganarki ta ƙarshe. Akwai 'yan mata a unguwannin Hajj Yusuf da Mayo da Soba da ke haɗiye harshensu a aji yau ɗin nan, kuma ba su taɓa ganin mai kwalliya ta ce musu sannunku da Hausa ba. Ke kina da abin da za ki ba su.

Allah ya huci zuciyar Nagoggo, ya ƙara mata lafiya da kaifin baki, ya sa albarka a sana'arki. Tashi ki je, tun gyaɗar ba ta huce ba.

Taku,
Hajja Aliya