Nonon Danda Ya Ja Baya

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, don ni da kai ba wanda ya taka makarantar boko. Idi tela ne yake rubuta min, na kuma ja masa kunne kada ya gyara min magana. Yadda ta fito daga bakina haka zai sa ta.

Ƙorafi gare ni, kuma ya daɗe a cikina. Ranar da aka raba gadon Baba, kai aka ba goɗiya, ni aka ba ni jaki. Na haƙura, kai ne babba. Amma tun daga ranar har gemuna ya yi fari ba ka taɓa bari na riƙe ragamar doki ba. Ka ce hannuna na jaki ne, nauyi gare shi. Goɗiyar Baba ta haifi wata, ita ma ta haifi Danda, kuma duk lokacin da za a haihu sai ka ja ƙyauren barga ka rufe, ka ce in tafi gona. Me na yi maka, Yaya? Da ka koya min ko kaɗan, me zai ragu a jikinka?

To ga shi yanzu. Ka tafi bayan kakar da ba ta ba mu komai ba, ka bar Danda da ciki. 'Ya'yanka, Sale da Garba, ana gama sadakar arba'in suka koma Kano. Kafin su hau mota suka jawo ta suka ɗaure a turken jakina, suka ce Baba Audu ka riƙe. Mai hannun jakin ne dai ya rage.

Ta haihu da shigowar bazara. Dukushi ne, namiji, ja, da fari a goshi. Da ka gan shi da ka yi wannan gyaran muryar taka da kake yi in abu ya burge ka ba ka so a gane. Ya miƙe da ƙafafunsa kamar karan dawa, ya lalubi hantsa ya kama. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Sai na lura ba ya ƙoshi. Ya kama wannan nono ya saki, ya kama wancan, ya tunkuri hantsar da kai, ita kuma ta ɗaga ƙafa ta ture shi. Ba ya kwanciya ya yi barci irin na ɗan da ya ƙoshi. Ya koma lasar ƙasa a gindin turke. Na matsa hantsar da hannuna, abin da ya fito bai jiƙa tafina ba. Ina za ta samo nonon? Harawa ta ƙare tun sanyi. Dusa kuwa a garin nan yanzu mutane ke ci. Rijiyarmu ta yi ƙasa har sai da muka ƙulla wa guga wata igiyar, ita kuma Danda in ta sa baki a ruwa sai ta shanye na gida guda. Gidan Malam Tanko sun tafi cirani gaba ɗayansu, sun toshe ƙofa da ƙaya. Kukar bayan masallaci ba ganye ko ɗaya, an karkaɗe. Labarin gida ke nan, in kana tambaya.

Na yi abin da na ga ana yi. Kowa ya san in ana so nonon saniya ya taru, ɗaure maraƙi ake yi a gefe har yamma. Haka na ɗaure dukushin a inuwar darbejiya, na ce nonon ya taru ya sha ya ƙoshi a lokaci guda. Yana kuka tana haniniya, na toshe kunnena. Da na sake shi da yamma, hantsar ba ta cika ba. Kashegari ma ta fi jiya motsewa. Sai na je ruga na samo madarar shanu na ɗura masa. Ya kwana yana zawo, ramin da ke saman idonsa ya zurma.

Matarka Gambo ce ta shigo ta tarar da shi a ɗaure. Ka san bakinta da ni tun tana amarya. Ta ce ashe tsufa bai sa na bambance doki da saniya ba, in ma ina so in kafa ruga ne in faɗa ta sayo min ƙwarya. Ta kwance shi da hannunta. Ta ce ita goɗiya ba ta tara nono, tsotson ne yake kiran sa, in ka raba su sai ya ƙafe. Ta ce in nemi nonon akuya, shi cikin dukushi yake karɓa. Na ce to wa ya faɗa min? Wanda ya sani ya rufe ƙofa.

A nan ne ta gaya min abin da kake yi a bayan ƙyauren. Ni duk zamana ina zaton wani asiri ne, ko rubutu, ko saiwar da Baba ya nuna maka kai kaɗai. Ashe kunu kake damawa. Kunun kanwa, irin wanda ake ba mai jego, da gero surfaffe, ka bari ya huce ka riƙe mata kwano har ta shanye. Gambo ta ce kunya ce take sa ka rufe ƙofa, kada maza su ga Haruna mai doki a tsugune da ludayi kamar ungozoma. Ta faɗa tana dariya, dariyar ta koma mata kuka.

Ni ban yi dariya ba. Abin da ka hana ni ke nan, Yaya? Kunu? Ni ne zan yi maka dariya? Ni da in ka hau ka ratsa kasuwar Tsanyawa nake barin cinikina in tsaya ina ce wa baƙi wancan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya? Ban taɓa gaya maka ba, don na san amsar da zan samu, za ka ce in je in duba jakina. Amma na yi, ba sau ɗaya ba.

Yanzu na san maganin, a shekarar da maganin ya fi ƙarfina. Na dama mata da ɗan geron da ya rage a ƙasan rumbu, ni ban rufe ƙofa ba, duk mai son kallo ya kalla. Ta sha, kuma wallahi na ga canji. Hantsar ta ɗan yi nauyi, ya tsotsa har ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Akuyar Gambo ma tana taimakawa, ina tsoma yatsana a madarar yana tsotsa, har ya koyi sa baki a kwano. Sai dai akuyar ita ma ƙashi ce da fata. Geron rumbu kuwa ya ƙare, abin da ya saura na kunun jikoki ne, Hanne matata ta kai shi ɗakinta ta ɗora tabarma a kai. Ban ga laifinta ba, ko da yake ban faɗa mata haka ba. Tun da kunun ya tsaya nonon ya sake ja baya. Jiya sai da na tallafi ƙirjinsa kafin ya iya tashi.

Ban da na jikokin, gero ɗaya ya rage a gidan nan: iri. Zangarniyoyin da muka zaɓa muka rataye a saman madafa inda hayaƙi ke kore ƙwari. Irin Baba ne, wanda ni da kai muke shukawa tun muna yara. In na sauke shi na dama, zai iya riƙe Danda har ruwa ya sauka ciyawa ta fito, in ruwan zai sauka. Amma ran da aka yi ruwan shuka, me zan zuba a rami? Wa ke da irin da zai ranta wa wani a bana? Hanne ta ce ran da na taɓa shi za ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ƙanenta a Bici, da tsufanta da komai.

Na tambayi kowa. Sale ya aiko direba ya ce in kai Danda kasuwa tun da sauran nama a jikinta, ɗan kuma in bar wa Allah. Ɗanka ne fa ya faɗi haka. Malamin dabbobi ya ce zai zo, har yau babur ɗinsa bai samu mai ba. Liman ya ce bakin mutum shi ne gaba da na dabba, sannan ya ce dabbar da ka ɗaure amana ce, za a tambaye ka. Amsa biyu ya ba ni, ni kuwa ɗaya nake nema.

Idi ya ajiye alƙalami ya ce in yi istigfari, mamaci ba ya amsawa. Na yi, na kuma ce ya ɗauka ya ci gaba. Na san ba ka da iko, Yaya. Amma dokinka ne, irin kuma na ubanmu ne, ba zan yanke wannan hukunci ni kaɗai ba. Dukushin yana nan kwance a ƙofar shagon Idi, don biyo ni yake yi yanzu duk inda na sa ƙafa, uwar tana biye da shi. Gobe da safe zan sa turmi a ƙarƙashin zangarniyoyin nan in hau, ko in sauke ko in sauko hannu wofi. Kafin nan ka zo min ko a mafarki ne. Ka yi min faɗa in kana so, na saba. Amma ka amsa min: in sauke, ko in bari?

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda ba fari.

Ni ne ƙanenka da ke jiran amsa,
Audu.