Uku, Biyu: Ta'aziyyar Doña Eulalia Berrío Cassiani

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mahalicci, Ƙungiyar Masu Adana Tsofaffin Finafinai ta Gaɓar Karibiyan, reshen Barranquilla, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, tsohuwar shugabar sashen mayar da fim kan kaset, Doña Eulalia Berrío Cassiani, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a gidanta, tana da shekara saba'in da takwas.

Shekara talatin da ɗaya marigayiya ta yi tana aikin da ba a ganinsa sai ya ɓaci. Fim yana tafiya da hoto ashirin da huɗu a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuwa talatin yake so, kowanne bugu biyu, wato bugu sittin, don haka ake cike giɓin ta hanyar riƙe hoto ɗaya bugu uku, na bayansa bugu biyu, haka har ƙarshen faifai. In aka yanka aka haɗa ba tare da kula ba, jerin ya karye, mutanen cikin hoton su kama ɗingishi. Ita kam ba ta taɓa yarda ya karye ba. Tana ƙirgawa da baki, tana buga cokalin kofinta a tebur, har muka laƙaba mata Uku-Biyu. Duk wanda ya matsa mata, amsarta ɗaya ce: "Kai, ɗan nan, mutanen nan sun riga sun mutu, ina za su da kake gaggawa?"

Muka yi ta dariya, sai da laima da iskar teku suka cinye ainihin fayafayan fim da ke rumbunmu, kaset kaɗai ya tsira. Da aka zo mayar da su yadda aka ɗauke su tun farko, duk wanda ya bi ta hannunta ya koma garau, domin jerin da bai karye ba ana iya warware shi. Da haka mutanen garuruwa sha huɗu na bakin kogi suka sake ganin kakanninsu suna tafiya kamar masu rai.

A nan mai sa hannu yana neman izinin ƙungiya ya faɗi abin da ya daɗe yana cinsa. Ni ne daraktan da ya ƙwace kaset ɗaya daga hannunta a 1989, na bikin ƙauyenmu San Roque del Caño, don in kai wa gidan talabijin kafin Juma'a. Ta kira sunana cikin girmamawa ta ce, "Don Wilfrido, bari in gama, wallahi za ka yi kuka da shi." Na ce ta cika tsirfa, na yanka na haɗa da kaina, jerin ya karye, aka kwafa aka sake kwafa. A cikinsa ne kaɗai mahaifiyata take, tana rawar kumbiya da kyandir a hannu. Shekara uku masana suna fama da shi, bai gyaru ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga mijinta, Don Plinio Charris, da 'ya'yansu Nohemí da Efraín, da jikoki bakwai. Za mu halarci addu'ar kwana tara baki ɗayanmu. Allah Ya ji ƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Ni kuma Ya yafe mini. Jikokina sun kalli kaset ɗin, suka tambaye ni ko uwata gurguwa ce, ita da ba a taɓa kayar da ita a filin rawa ba.

Wilfrido Ospino Mattos
Kakakin Ƙungiya, kuma tsohon Darakta